Harajin attajirai a jahohin Amurka: wa zai biya kuɗin bas da abincin ƴan makaranta?

Ranar 8 ga watan Nuwamban 2022 mutanen jahohi biyu na Amurka suka kaɗa ƙuri'a kan tambaya kusan iri ɗaya: a ƙara wa masu samun miliyoyin dala haraji ko kar a ƙara? A Massachusetts, jahar da birnin Boston yake, kimanin kashi 52 cikin 100 suka amince. A Kaliforniya kuwa, inda jam'iyyar Democrat ke da ƙarfi sosai, aka yi watsi da shawarar, kuma gwamna Gavin Newsom da kansa yana cikin waɗanda suka yaƙe ta. Shekara biyu kafin nan mutanen Illinois ma sun ƙi gyaran kundin tsarin mulkin jaharsu da zai ba da damar karɓar kaso mafi tsoka daga masu hali. Muhawarar ta sake ɗaukar zafi bayan Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York ranar 4 ga Nuwamban 2025, da alkawarin ƙara kashi 2 cikin 100 kan duk mai samun sama da dalar Amurka miliyan ɗaya a shekara.

Ɗan Nijar da ke tuƙa tasi a Bronx, ko mai aiki a masana'antun Greensboro, zai iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar manya. Miliyan ɗaya ta dalar Amurka ta haura sefa miliyan 500, kuɗin da mafi yawan baƙin haure ba za su tara ba ko sun shekara ashirin suna aiki. Sai dai da abin da ke shiga baitulmalin jaha ake biyan malamin makarantar da ƴaƴansa ke zuwa, da shi ake gyara jirgin da ke kai shi wurin aiki da asuba. Idan ba a karɓa daga sama ba, daga ƙasa ake karɓa, ko kuma a rage hidimar. Saboda haka irin harajin da Massachusetts ta kafa ya cancanci goyon baya, bisa wasu sharuɗɗa da bai kamata a yi wasa da su ba.

Yadda lampon yake a can

Mazaunin Amurka yana biyan haraji hawa biyu, wani lokaci uku. Gwamnatin tarayya tana karɓar nata daga kuɗin shigar kowa, kuma kasonta mafi girma shi ne kashi 37 cikin 100. Kowace jaha kuma tana da ikon tsara nata lampon. Jahohi tara, ciki har da Florida, Texas, Nevada, Tennessee, New Hampshire da Washington, ba su cire komai daga albashi. Wasu suna karɓar kaso ɗaya daga kowa, mai gadi da mai kamfani. Wasu kuma, irin su Kaliforniya da New York da New Jersey, suna ƙara kason ne gwargwadon yadda samun mutum ya ƙaru. A Kaliforniya kason ƙoli ya kai kashi 13.3 cikin 100. A birnin New York, idan aka haɗa na jaha da na birni, wanda ya fi kowa samu yana biyan kusan kashi 14.8.

Jahar da ba ta taɓa albashi ba ta daina gina hanyoyi da biyan ƴan sanda ba. Tana samo kuɗin ne daga harajin kayan da ake saye a kanti, mai kama da TVA, da harajin gidaje, da na man fetur, da kuɗaɗen takardu iri-iri. Waɗannan kuwa talaka suka fi cizo. Mai ƙaramin albashi yana kashe kusan duk abin da ya samu kafin wata ya ƙare, don haka kusan duk kuɗinsa sai sun bi ta hannun mai karɓar haraji, har da harajin gidan da mai gida ke lafta masa cikin kuɗin haya. Attajiri yana kashe ɗan kaɗan ne daga samunsa, sauran yana zuba shi a hannun jari. Cibiyar bincike ta ITEP da ke birnin Washington ta auna wannan a rahotonta na 2024: a faɗin ƙasar, kashi 20 cikin 100 na masu ƙaramin ƙarfi suna ba jaha da ƙananan hukumomi kimanin kashi 11.4 na samunsu, su kuwa kashi ɗaya na ƙoli suna ba da kimanin kashi 7.2. A Florida tazarar ta fi muni, kusan kashi 13 ga talaka, ƙasa da kashi 3 ga attajiri. Duk mai muhawara kan adalci daga waɗannan alƙaluma ya kamata ya tashi.

Abin da Massachusetts ta yi

Kundin tsarin mulkin Massachusetts ya daɗe yana tilasta kaso ɗaya ga kowa, wanda a yanzu yake kashi 5 cikin 100 na albashi. Sau biyar tsakanin 1962 da 1994 aka nemi jama'a su sauya wannan, sau biyar suna ƙi. A 2018 wani yunƙurin ya mutu kafin ya kai akwatin zaɓe, domin kotun ƙolin jahar ta ce an cakuɗa batutuwa daban-daban cikin tambaya ɗaya. Gamayyar Raise Up Massachusetts, wadda ƙungiyoyin ƙwadago da na malaman makaranta suke ƙashin bayanta, ta sake bi ta majalisar dokoki, aka kaɗa ƙuri'a a 2019 da 2021, sannan aka miƙa wa jama'a a 2022.

Dokar ba ta da sarƙaƙiya. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, duk abin da mutum ya samu a shekara da ya haura dala miliyan ɗaya, ana ƙara masa kashi 4 cikin 100, kuma a kan rarar kaɗai ake ƙarin. Wanda ya samu miliyan ɗaya cif bai biya ko sisi na ƙari ba. Wanda ya samu miliyan ɗaya da rabi ya biya ƙarin dala dubu 20. Wanda ya samu miliyan biyu ya biya ƙarin dubu 40, wato kashi 2 cikin 100 na duk samunsa. Ana ɗaga iyakar kowace shekara daidai da hauhawar farashi, shi ya sa a 2025 ta kai dala 1,083,150. Kundin ya kuma ambaci inda kuɗin za su tafi: ilimi da sufuri.

A kasafin kuɗin farko hukumomi sun yi lissafi da dala biliyan ɗaya kacal. Abin da ya shigo a shekarar kuɗi ta 2024 ya haura biliyan biyu, na 2025 kuma ya kusa biliyan uku. Da wannan kuɗi gwamnatin Maura Healey da majalisa suka mayar da abincin safe da na rana kyauta ga duk ɗalibin makarantar gwamnati ya zama na dindindin a 2023. A wannan shekarar aka buɗe kwalejojin al'umma na shekara biyu kyauta ga ƴan shekara 25 zuwa sama, a 2024 aka faɗaɗa abin ga duk mazaunin jahar da ba shi da digiri. An zuba kuɗi a hukumar jiragen ƙasa da bas ta Boston, MBTA, wadda ta daɗe tana fama da lalacewar layuka, an rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin shiga da rabi, an kuma tallafa wa hukumomin bas na sauran yankuna su riƙa ɗaukar fasinja kyauta. Magidancin da ke da ƴaƴa uku a makaranta ya san abin da kuɗin abincin rana na kwana 180 yake ci a aljihunsa. Matar da ke wankan tsofaffi a gidan jinya, tana son ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, ta san darajar ajin dare da ba a biya.

Hujjojin masu adawa

Masu adawa, irin su cibiyar Pioneer da majalisar kamfanonin fasaha ta jahar, suna da hujjoji huɗu, kuma babu wadda ta cancanci a yi mata dariya.

Ta farko ita ce gudu. Attajiri yana iya tattara kayansa ya koma Florida, ko ya tsallaka New Hampshire da ke maƙwabtaka. Ana yawan kawo misalin Jeff Bezos, mai kamfanin Amazon, wanda ya sanar a Nuwamban 2023 cewa zai bar Seattle ya koma Miami, bayan kotun ƙolin jahar Washington ta tabbatar da harajin kashi 7 cikin 100 kan babbar ribar sayar da hannun jari. Shi dai ya ce yana son kusantar iyayensa da ayyukan kamfaninsa na sararin samaniya. Ana kuma tuna David Tepper, mai asusun zuba jari, wanda ƙaurarsa daga New Jersey zuwa Florida ta tayar da hankalin masu tsara kasafin jahar a 2016, kodayake ya dawo bayan ƴan shekaru.

Misalin mutum ɗaya ko biyu ba ya yanke hukunci. Masanin zamantakewa Cristobal Young da abokan aikinsa sun binciki takardun haraji miliyan 45 na masu manyan kuɗi daga 1999 zuwa 2011, suka tarar da cewa kashi 2.4 cikin 100 na masu miliyoyi ne ke sauya jaha a shekara, alhali a cikin sauran jama'a kashi 2.9 ne. Dalilin a bayyane yake. Mai samun miliyan a shekara galibi ya manyanta, yana da iyali, yana da abokan hulɗa da kwastomomi a wuri ɗaya. Babban likitan tiyata a asibitocin Boston, ko mai kamfanin haɗa magunguna kusa da jami'o'in Harvard da MIT, samunsa a ɗaure yake da garin. Matashi mara aiki shi ne mai saurin ɗaukar jaka, kuma baƙin haure sun fi kowa sanin haka.

Akwai kuma binciken da ya nuna ɗaya gefen. Joshua Rauh da Ryan Shyu sun duba ƙarin harajin da Kaliforniya ta yi a 2012, suka ga ƙalilan ne suka bar jahar, amma waɗanda suka zauna sun rage kuɗin shigar da suke bayyana wa hukuma, har hakan ya cinye kusan rabin ribar da aka sa ran samu a shekarar farko. Darasin shi ne attajiri ba sai ya hau jirgi ba kafin ya kauce wa haraji. Akanta mai wayo ya ishe shi. Massachusetts ta ɗanɗana wannan da wuri, inda wasu ma'aurata suka riƙa raba takardunsu don kowa ya faɗo ƙasa da miliyan. Majalisa ta toshe ƙofar a dokar Oktoban 2023, wadda ta ce duk ma'auratan da suka haɗa takarda a tarayya sai su haɗa a jaha. Gaskiya ne jahar tana asarar mazauna zuwa Florida da New Hampshire, amma ta fara wannan asara tun kafin 2023, lokacin da tsadar gidaje da aikin gida ta intanet bayan korona suka kori mutane daga manyan birane masu tsada. Kuma da a ce masu biyan harajin sun watse, da kuɗin da ke shigowa bai ninka hasashen farko ba.

Hujja ta biyu ta shafi attajirin shekara ɗaya: mai gidan abinci ko garejin gyaran mota da ya yi shekara talatin yana wahala, ya sayar da sana'ar don ya huta, sai takarda ta nuna ya samu miliyoyi a wannan shekarar. Wannan koke yana da tushe, kuma ɗan ci-rani da ya gina kanti daga tebur zai fi kowa jin sa. Amma a kan riba ake lissafi, bayan an cire jarin da aka zuba, sannan a kan abin da ya haura miliyan kaɗai. Mai sayar da gidan da yake zaune a ciki kuma ana yafe masa ribar dala dubu 250, ma'aurata dubu 500. Duk da haka, jahar da za ta kwaikwayi wannan doka ya kamata ta bar wa irin waɗannan mutane hanyar rarraba ribar a kan shekaru da yawa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Samun attajirai yana hawa da sauka tare da kasuwar hannun jari. A Kaliforniya kashi ɗaya cikin 100 na masu biya suna ɗauke da kashi 40 zuwa 50 na harajin kuɗin shiga, shi ya sa jahar ta tashi daga rarar kusan dala biliyan 100 a 2022 ta faɗa giɓin biliyoyi da dama cikin shekara biyu. Shekarun da Massachusetts ta yi da wannan haraji sun zo daidai da lokacin da kasuwar ke bunƙasa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ranar da kasuwa ta faɗi.

Ta huɗu ita ce zargin cewa kuɗi ba su da lamba a goshi. Dokar ta bar wa majalisa ikon rabawa, don haka ana iya zuba sabon kuɗi a ilimi ta ƙofar gaba, a janye tsohon ta ƙofar baya. Babu rubutun da zai hana wannan in ba sa idon ƴan jarida da iyayen yara ba.

Sharuɗɗan da suka sa ya yi aiki

Waɗannan hujjoji suna nuna yadda ya kamata a gina harajin, ba su kai ga rushe shi ba. Kason ya zama matsakaici, domin kashi 4 a kan kashi 5 ya bar Massachusetts ƙasa da Kaliforniya da New York da New Jersey. Iyakar ta riƙa tafiya da hauhawar farashi, don kar wata rana ta sauko kan ma'aikata. A ajiye kuɗin a asusu na daban da kowa zai iya duba shi. A kuma guji ɗora albashi da alkawuran dindindin a kan kuɗin shekarar albarka. Massachusetts tana ƙayyade abin da za ta kashe ƙasa da abin da take sa ran samu, rarar kuma tana zuwa asusun ko-ta-kwana da ayyukan yi-sau-ɗaya kamar gyaran gada da gini. Wannan tsantseni shi ne rabin nasarar.

Ɗaya hanyar ma an gwada ta. A 2012 gwamnan Kansas, Sam Brownback, ya zaftare harajin kuɗin shiga da alkawarin cewa jari zai kwararo. Giɓi ya biyo baya, makarantu da hanyoyi suka ji a jikinsu, har a 2017 majalisar da jam'iyyarsa ta Republican ke rinjaye ta soke mafi yawan rangwamen duk da ya hau kujerar na-ƙi. Carolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa a Greensboro, ta ɗauki hanyar kaso ɗaya tun 2014 tana ta rage shi, daga kashi 5.8 zuwa 4.25 a 2025. Ragin kashi ɗaya yana bar wa mai samun dala dubu 40 abin da bai kai dala 400 ba a shekara, mai samun miliyan biyu kuma kusan dubu 20. Mai ƙaramin albashi ya tambayi kansa ko ɗan canjin da ya rage masa ya kai abin da makarantar unguwarsu ta rasa.

Batun New York ya fi sarƙaƙiya, kuma masu goyon bayan Mamdani bai kamata su ɓoye hakan ba. Birnin ba shi da ikon ƙara harajin kuɗin shiga sai majalisar jaha da ke Albany da gwamna sun amince, kuma gwamna Kathy Hochul ta faɗa a lokacin yaƙin zaɓen 2025 cewa ba ta son ƙarin. Kwamitin yaƙin zaɓensa ya ƙiyasta samun kimanin dala biliyan huɗu a shekara don bas kyauta da renon yara. Amma birnin ya riga ya fi ko'ina tsadar haraji ga masu kuɗi, kashi ɗaya cikin 100 na mazauna suna biyan kusan kashi 40 na harajin kuɗin shigarsa, kuma barin birni ya fi barin jaha sauƙi, tunda mutum na iya komawa unguwannin bayan gari ya ci gaba da zuwa ofishinsa a Manhattan. Ga shi kuma tun dokar tarayya ta 2017 aka taƙaita abin da mutum zai cire na harajin jaha daga lissafin tarayya zuwa dala dubu 10; ɗagawar da aka yi zuwa dubu 40 a 2025 ba ta shafi masu miliyoyi ba. Kowace dala ta ƙari yanzu daga aljihunsu take fita kai tsaye. Abin da ya yi aiki daga kashi 5 zuwa 9 ba dole ne ya yi aiki daga kusan 15 zuwa 17 ba, shi ya sa ƙari a matakin jaha ya fi ƙari a matakin birni tsaro.

Akwai wani haraji da aka kafa ba tare da an tambayi jama'a a akwatin zaɓe ba. Dokar da shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗora kashi 1 cikin 100 kan kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje idan da tsabar kuɗi aka biya, daga farkon 2026. Mai aika wa mahaifiyarsa a Tawa ko Damagaram dala 300 ta kantin tura kuɗi yana biyan dala uku a kai, kuma tun daga dalar farko ake cira, babu iyakar miliyan da ke kare shi. An kafa shi cikin dokar da ta dawwamar da rangwamen haraji ga manyan masu samu, ba a kuma ji wani yana fargabar cewa masu biyansa za su gudu ba.

Ƴan Nijar da suka samu takardar zama ɗan ƙasa suna da ƙuri'a, kuma irin waɗannan tambayoyi a ƙasan takardar zaɓe suke, inda mutane da yawa ba sa kai ido. A Massachusetts tazarar ba ta kai kashi biyar ba. Waɗanda ba su da ƴancin zaɓe kada su kusanci akwati, domin hakan babban laifi ne da ke iya jawo kora daga ƙasar, amma zaman sauraron jama'a na majalisar birni da na hukumar makarantu a buɗe yake ga kowane mazauni, haka ma ƙungiyoyin direbobi da na ma'aikatan jinya. Ƙungiyoyin ƴan Nijar da ke tara kuɗi don jana'iza da bukin Sallah za su iya ware zama ɗaya a shekara su gayyato wanda ya san kasafin jaharsu, ya yi musu bayanin wa ke biya da inda kuɗin ke zuwa. Duk mai biyan haya da mai sayayya a kanti ya riga ya zama mai biyan haraji, kuma yana da haƙƙin tambayar me ya sa kason da ke fita daga aljihunsa ya fi na mai jirgin sama na kansa.